Kulocin motar gida: A biya kuɗin gano cuta kafin a sayi magani

Daga cikin saƙonnin da ke ɗaga hankalin ma'aikacin gwamnatin tarayya a Abuja akwai wanda ke zuwa daga gida a tsakiyar wata, lokacin da albashi ya riga ya yi nisa: motar gida ba ta ja, bakanike ya ce a turo kuɗi. Wanda iyayensa ko iyalinsa ke Mubi ba shi da halin zuwa ya gane wa idonsa, domin tsakaninsa da motar akwai tafiyar fiye da kilomita 800. Abin da ya saba yi shi ne ya nemo rance, ya tura, ya yi addu'a. Sau da yawa ba a cika wata uku ba saƙon ke sake dawowa, da lalurar da aka ce an gyara.

Mafi yawan masu mota kan ɗora laifin wannan asara a kan rashin amanar kanikawa. Akwai marasa amana a kowace sana'a, amma tushen matsalar ya fi haka zurfi. A garejojin ƙasar nan an saba biyan kuɗin kaya da kuɗin kwancewa da ɗaurawa, ba a saba biyan kuɗin binciken da zai nuna abin da ya lalace ba. Aikin da ba a biyansa kuwa ba a cika tsayawa a yi shi da kyau ba. Zamewar kuloci misali ce mai kyau ta wannan, saboda cuta ce mai alamomi bayyanannu, mai sauƙin gwaji, wadda kuma dalilanta suka bambanta ƙwarai wajen tsada.

Kafin a shiga cikin injin, ya kamata a dubi ƙasar da motar ke aiki a cikinta. Mubi ita ce gari na biyu mafi girma a Jihar Adamawa, tana zaune a gindin duwatsun Mandara kusa da iyakar Kamaru, kogin Yedzaram kuma ya ratsa ta. Daga Yola zuwa can tafiya ce ta kimanin kilomita 200 ta Girei da Song da Gombi da Hong. Wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyukan da ke wajen Maiha ko Michika zai haɗu da hawa da gangare da gargada, da yashi a lokacin rani da taɓo a lokacin damina. A cikin gari kuma akwai cunkoson ranar kasuwa, musamman a kewayen kasuwar shanu wadda ke cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Tsayawa da tashi a cunkoso, tashi a kan hawa da kaya, da fafutukar fita daga yashi su ne abubuwan da suka fi cin kuloci, kuma duk sun taru a wannan yanki.

Motar gida a irin wannan wuri ba ta ado ba ce. Ita ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, ita ke ɗauko buhunan masara da gyaɗa daga gona, ita ke kai tsofaffi gaisuwar rasuwa. Mutanen da suka ga abin da ya faru a ƙarshen watan Oktoban 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin, jama'a suka fantsama cikin duwatsu da ƙafa, ba sa bukatar a yi musu bayanin darajar motar da za ta tashi kuma ta ja a lokacin da ake nemanta.

Nauyin wannan mota kuwa yana wuyan ma'aikaci. Tun daga 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus-alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, mafi yawan ma'aikata su ke sayen motocinsu, su ke gyara su. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai ga haura naira 1,000 a cikin 2024. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta wuce naira 1,500 a 2024, alhali kusan duk kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yulin 2024, amma bai kamo tashin farashin ba. A irin wannan hali, sauke giyabos sau biyu a kan lalura ɗaya asara ce da iyali za su ji a tukunyarsu.

Aikin kuloci ba shi da wuyar fahimta. A bayan inji akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, wanda ake kira filawil. A jikinsa ake manna wani faranti mai fata mai kaushi a fuskokinsa biyu, wanda ke haɗe da sandar da ke shiga giyabos. Wani murfi mai ƙaƙƙarfan sifirin shi ke danne farantin a jikin filawil, ta yadda ƙarfin inji zai wuce zuwa tayoyi. Farantin da murfin su ne kanikawa ke haɗawa su kira filet da dis. Idan direba ya taka feda, wani boris yana tura sifirin ɗin, matsin ya saki, inji ya rabu da giya. Abin da ke kai saƙo daga feda zuwa boris ko dai waya ce, ko kuma man birki da ke bi ta ƙananan famfuna biyu, na sama da na ƙasa. Ana cewa kuloci yana zamewa idan an ɗaga ƙafa gaba ɗaya amma farantin bai kama sosai ba, inji na juyi da ƙarfi, ƙarfin kuma yana tafiya a zafi maimakon ya isa ga tayoyi.

Alamar farko ita ce mota ta yi ta ihu ba ta gudu. An taka totur, allurar juyin inji ta yi sama, amma maleji bai motsa daidai da ita ba. Abin yakan fara bayyana a giya ta huɗu ko ta biyar, a kan hawa, ko idan mota ta cika da mutane. Daga nan sai ƙaurin ƙuna ya biyo baya, sai a lura cewa mota ba ta kamawa sai feda ta kusa ƙurewa sama, sai shan mai ya ƙaru. Duk waɗannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kafin mota ta tsaya cak. Kuloci na daga cikin sassan mota masu dogon gargaɗi, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Gwajin da ke tabbatar da zargi bai fi minti goma ba. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya marar cunkoso, a sa giya ta huɗu ko ta biyar ana tafiyar kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa, sannan a danna totur sosai. Idan allurar inji da maleji suka tashi tare a hankali, kuloci lafiya yake. Idan ta inji ta yi tsalle ta bar maleji a baya, yana zamewa. Gwaji na biyu a tsaye ake yin sa, a fili inda babu kowa a gaban mota: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a ɗan ƙara wuta, a saki feda a hankali. Injin da kulocinsa ke da ƙarfi zai mutu nan take. Wanda ya ci gaba da juyi bayan an ɗaga ƙafa ya tona asirin farantinsa. Wannan gwaji na daƙiƙa kaɗan ne, kuma ba a maimaita shi, domin shi kansa yana ƙona faranti.

Tabbatar da zamewa rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gano abin da ya jawo ta, kuma a nan ne ake tafka asara. Dalili mafi sauƙi shi ne wayar kuloci ta yi tsauri, har babu ɗan wasan da ya kamata feda ta yi kafin ta fara aiki, wanda a yawancin motoci bai wuce faɗin yatsa ɗaya ko biyu ba. Idan wannan wasa ya ɓace, boris zai riƙa tura sifirin ko da ƙafa ba ta kan feda. Maganinsa a sassauta noti ɗaya, muddin an farga kafin faranti ya ƙone. A motocin da ke amfani da man birki, famfon sama ko tiyon da ya toshe na iya riƙe matsi ya haifar da irin wannan alama, kuma ana gyara su ba tare da an taɓa giyabos ba. Duk bakaniken da ya ce a sauke giyabos bai duba waɗannan biyun ba, ya tsallake mataki.

Dalili na gaba shi ne cinyewar faranti, wanda shi ne ya fi yawa a tsohuwar mota. Bayansa akwai raunin sifirin ɗin murfi, da filawil da ya yi santsi ko ya tsattsage saboda zafi. Sai kuma dalilin da ya fi kowanne yaudara: yoyon mai. A bayan inji akwai robar da ke tare baƙin mai, wadda kanikawa ke kira oyal sil, akwai kuma irinta a bakin giyabos. Idan ɗayansu ta gaji, mai zai riƙa ɗiga a kan faranti. Farantin da ya sha mai ba ya kamawa ko da sabo ne fil. Wanda aka sa wa sabon faranti aka bar masa tsohuwar roba mai yoyo, ya sayi 'yan watanni ne kawai. Alamar wannan ba ɓoyayyiya ba ce: danshin mai a ƙasan wurin da inji da giyabos suka haɗu. Bakaniken da ya sunkuya da tocila zai gan shi.

Akwai kuma lalurorin da ake ɗora wa kuloci alhali ba shi da laifi. Motar da famfon manta ya yi rauni, ko fulogoginta suka mutu, ko birkinta ke riƙe taya, ita ma ba za ta ja a kan hawa ba, amma injinta ba zai yi ihu ya bar maleji a baya ba. Idan giya ce ke wuyar shiga tana gurnani, wannan kishiyar zamewa ce, kuloci ne ba ya saki, kuma galibi iska ce ta shiga man birki ko famfo ke yoyo. Idan mota na karkarwa lokacin tashi, a fara duba robobin da ke riƙe da inji. Ƙarar da ke fitowa idan an taka feda ta boris ɗin kuloci ce. Wadda ke ɗaukewa idan an taka feda ta fi kama da ta cikin giyabos. Masu motocin atomatik, waɗanda suka yi yawa a titunan Abuja, su ma ba su tsira ba, domin giyarsu na zamewa idan manta ya ragu, ko ya ƙone, ko aka zuba wanda ba nata ba.

Bambance waɗannan abubuwa ilimi ne, kuma yana cin lokaci. Amma al'adar da aka gada ita ce idan bakanike ya zagaya da mota, ya shiga ƙarƙashinta, ya fito ya ce noti ɗaya zai sassauta, sai a ba shi na goro a yi godiya. Idan kuwa ya ce a sauke giyabos, zai samu kuɗin aikin yini guda, wataƙila da ɗan rarar sayen kaya. Tsarin da ke hukunta mai gaskiya ya saka wa mai gaggawa, ba a mamakin abin da zai haifar. Mai mota mai hangen nesa shi ne wanda zai yanke kuɗin bincike daban tun farko, ya biya ko an samu babbar lalura ko ba a samu ba. Likitan da ya auna marar lafiya ya ce hutu kawai yake bukata, ba a hana shi kuɗin ganinsa.

Idan bincike ya nuna dole a sauke giyabos, to hikima ta juya. A nan rowa ita ce ɓarna. Babban kuɗin wannan aiki yana cikin kwancewa da ɗaurawa, musamman a motocin da ke ja da tayoyin gaba irin su Golf da Starlet da Peugeot 406, inda sai an cire sandunan tayoyi kafin a kai ga kuloci. Tunda an buɗe, a canja faranti da murfi da boris gaba ɗaya, a duba fuskar filawil, a canja robar bayan inji idan akwai ko da alamar danshi. Motar da famfonta na ƙasa ke cikin giyabos, shi ma a sabunta shi. Wasu motocin Turai kuma suna da filawil mai hawa biyu da sifirin a ciki, mai tsada, wanda ba a gyara shi da gogewa. Ya kamata mai mota ya san irin nasa kafin a fara. Wanda ya canja faranti kaɗai ya bar tsohon boris zai sake biyan kuɗin aikin gaba ɗaya saboda ƙaramin abu.

Sai batun kaya, wanda shi ne ya fi ɗaure kai. Kayan da ke isa Mubi sun biyo dogon zango daga manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi da Ƙofar Ruwa a Kano, kuma a kowane zango na gaske da na jabu na tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sunaye irin su Aisin da Exedy da Valeo da LuK da Sachs sanannu ne a duniya wajen ƙera kuloci, saboda haka su ne masu jabu suka fi bugawa a kwali. Wannan ne ya sa kanikawa da yawa suka fi yarda da kayan Beljiyam, wato waɗanda aka ciro daga tsofaffin motocin waje. Hujjarsu tana da ƙarfi idan ana maganar ƙarfe irin giyabos ko filawil. Amma faranti abu ne mai cinyewa kamar takalmi, kuma na hannu ya riga ya ci wani ɓangare na rayuwarsa. Idan dole ce ta sa a saye shi, a dubi kaurin fatarsa da nisan da ya rage kafin kawunan ƙusoshi su fito. Sabon da farashinsa ya yi ƙasa ƙwarai da na sauran shaguna kuwa, a tuna cewa araha ba ta ado.

Za a iya cewa duk wannan shawara ce ta mai kuɗi, ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ba zai iya sayen cikakken saiti lokaci ɗaya ba. Maganar tana da gaskiya, amma amsarta ba gyaran rabi da rabi ba ne. Kulocin da ya fara zamewa a giya ta biyar kaɗai na iya jure ɗan lokaci idan aka rage kaya, aka guji hawa da doguwar tafiya, aka bi totur a hankali. Wanda ya kai ga zamewa a giya ta biyu kuwa, ajiye motar ya fi. Ci gaba da tuƙa ta zai ƙona filawil ya ninka kuɗin gyara, kuma motar da ta rasa ƙarfi tana tsakiyar wuce tirela a hanyar Hong barazana ce ga rai. Jinkirin wata ɗaya a tara kuɗin cikakken gyara ya fi gaggawar da za a maimaita.

Nisa ma yanzu ba hujja ba ce. Ma'aikacin da ke Abuja na iya neman a ɗauko masa bidiyon alluran mota lokacin gwajin hanya a turo ta WhatsApp, wanda ke zaune kusa da direba shi zai ɗauka. Yana iya tambaya ko an duba wasan feda, ko akwai danshin mai a ƙasa. Bayan an sauke, a turo hoton tsohon faranti fuska biyu, da fuskar filawil, da kwalin sabon kaya, a kuma mayar da tsofaffin kayan gida. Bakanike mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, domin su ne ke wanke shi daga zargi. Suna kuma kare zumunci, saboda ƙanin da aka damƙa wa mota da kuɗin gyara shi ne farkon wanda ake yi wa kallon tuhuma idan aiki bai yi kyau ba.

Ƙanin nan shi ma yana da nasa rabon. Ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, riƙe mota a kan hawa da rabin kuloci maimakon birkin hannu, tashi da giya ta biyu, da lafta wa ƙaramar mota kayan a-kori-kura, kowannensu na rage kwanan faranti. Sabon kuloci kuma na bukatar a bi shi a hankali na 'yan ɗaruruwan kilomita kafin ya zauna. Motar gida da mutum biyar ke tuƙawa, kowa da irin ƙafarsa, ita ta fi bukatar a zauna a yi wannan magana.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin iyali, wanda ke hannun ofisoshin da masu karanta wannan shafi ke aiki a cikinsu. Hukumar kula da ingancin kaya ta SON ita ke da alhakin tare kayan jabu tun daga tashar ruwa, kuma kayan da suka shafi birki da kuloci sun cancanci a sa su a sahun gaba. Dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta shafi ayyuka kamar yadda ta shafi kaya, amma amfaninta ba zai isa gareji ba muddin ba a rubuta rasit. Hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci tana horar da kanikawa, hukumar NBTE kuma tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga waɗanda suka koyi sana'a a wajen aji. Mubi na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da kuma Jami'ar Jihar Adamawa. Babu dalilin da zai hana a haɗa waɗannan cibiyoyi da ƙungiyar kanikawa ta NATA a shirya gajerun kwasa-kwasai kan binciken lalura, da Hausa da Fulatanci, a lokutan da ba za su hana mutum neman abincinsa ba. A haɗa da gargaɗi kan ƙurar faranti, wadda yaran gareji ke hurawa da baki, alhali tana iya ƙunsar sinadarin asbestos mai lalata huhu.

Jami'an da ke sa hannu a takardun gyaran motocin ma'aikatu su ma suna da darasi a nan. Takardar da ta lissafa kayan da za a saya ba tare da ta faɗi gwajin da aka yi da abin da aka gano ba, bai kamata ta wuce tebur ba. Motocin gwamnati da ke jibge a harabar ofisoshi tayoyinsu a sace, da yawansu ƙananan lalurori ne suka fara kwantar da su.

Lokutan sallah da na Kirsimeti su ne lokutan da motocin iyali ke ɗaukar kaya mafi nauyi da tafiya mafi tsawo, daga Hawan Kibo har zuwa gindin Mandara. Su ne kuma lokutan da gareji ke cika, farashi ke tashi, kowa ke gaggawa, babu mai natsuwar bincike. Gwajin minti goma da aka yi wata guda kafin tafiya, da ɗan kuɗin da aka ba bakanike don ya duba ya faɗi gaskiya, sun fi duk wani ciniki da za a yi a gefen hanya da dare da iyali a cikin mota. Hausawa sun riga sun gama magana: ba a fafe gora ranar tafiya.